Masu Neman Makwanci a Lima

Lima, babban birnin Peru, yana shimfiɗe ne a gaɓar tekun Fasifik. Mutanensa sun haura miliyan goma, kuma an yanka shi gunduma 43, kowace da magajin garinta da halinta da farashinta. Baƙon da ya sauka a filin jirgin Jorge Chávez ba zai rasa wurin sa haƙarƙari ba, don masaukai sun fi ƙarfin ƙirga. Inda gizo ke saƙa shi ne kowa so yake ya haɗa araha da jin daɗi a ɗaki ɗaya, kuma wannan nema yana tona halin mutum fiye da rabon gado.

Na farko shi ne Sarkin Ciniki. Tun daga gida ya rantse ba za a cuce shi ba, don haka ya kama ɗaki a Callao, dab da filin jirgi, a kuɗin da bai kai na unguwannin baƙi ba. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne duk abin da ya zo gani yana can kudu, a Miraflores da Barranco, tazarar kusan kilomita 20, kuma cunkoson motocin Lima ba ya jin magiya. Tasin kan titi ba su da mita, sai an yi ciniki kafin a shiga, to nan fa Sarki yake samun abin da yake so. Da yatsu yake tayawa, direba ya ce albarka da kai, a rabu, a sake haɗuwa. Kafin mako ya ƙare, duk sol ɗin (kuɗin Peru ke nan) da ya yi tsimi a kuɗin ɗaki ya raba wa direbobi, ga jirage suna tashi a kansa har asuba. Kada ka ce za ka yi masa lissafi. Shi a wajensa riba ya ci, kuma zai ba da labarin a gida har a gaji.

Abin dariyar shi ne ɗakin da ya dace da shi yana hannun Mai Wucewa, ɗakin da ya dace da Mai Wucewa kuma yana hannunsa. Mai Wucewa ba Lima ya zo gani ba, Cusco ya nufa, garin da ke kan tsauni mai tsayin kusan mita 3,400, daga can ya zarce Machu Picchu. Jirginsa ya sauka tsakar dare, na gaba zai tashi da sassafe, amma ya biya otal mai tafkin wanka a Miraflores saboda ya ga hotonsa. Ya isa ƙarfe ɗaya, ya kwanta da takalmi, ƙarfe huɗu aka buga masa waya mota ta zo. Tafkin dai yana nan, ya gaishe shi daga nesa.

Sai Mai Kallon Teku, wanda tausayinsa ya fi kama ni. Ya ƙara kuɗi mai kauri don a ba shi ɗaki mai taga ta yamma, a saman gangaren da Miraflores ke leƙen ruwa. Kuskurensa ɗaya ne, a watan Yuli ya zo. Peru tana kudu da tsakiyar duniya, lokacin hunturunsu ke nan, kuma igiyar ruwan sanyi ta Humboldt da ke bin gaɓar takan tura wa birnin wani hazo mai laima da suke kira garúa, ya zauna daram daga wajen Yuni har Oktoba. Mutanen garin da kansu sun ce sararin samaniyarsu cikin jaki ne, saboda launinsa. Ruwan sama na gaske kusan ba a yi a Lima, a hamada take, amma rana ma ba ta leƙowa. Bawan Allah ya ja labule ya tarar da fari fat, ya rufe, ya sake buɗewa ko an samu canji. Ma'aunin zafi yana nuna digiri 15, wanda a takarda ba komai ba ne, sai dai laimar tana shiga ƙashi, masaukai masu araha kuma ba su cika sa na'urar ɗumama ɗaki ba. Safar da ya wanke ran Litinin, ran Alhamis tana nan jiƙe a kan kujera. Da ya jira Disamba zuwa Maris da ya ga teku da rana, tare da ƙarin farashin da ke rako su.

A Barranco za ka gamu da Mai Jakar Goyo. Yaro ne ɗan Turai ko Ostireliya, gemu ya fara tsiro, wando ɗaya tun daga Kolombiya. Ɗakinsa gado kan gado ne, mutum takwas ko goma, kowa da minsharinsa. Yana iya tafiya da ƙafa unguwa biyu don ya rage sol uku a kuɗin abinci, da dare kuma ya zubar da ninkin haka a gidan kiɗa yana tafa wa masu buga cajón, akwatin katakon nan da jikokin bayin da aka kai daga Afirka suka mayar ganga. Kan famfon wankan masaukinsa mai lantarki ne, wayoyi a naɗe da salatif a saman kai, amma in ka tambaye shi sai ya ce wurin ba shi da na biyu. Shi dai ƙuruciya tana ɗauke da shi. Wanda ba a gane masa ba shi ne dattijon da ya bi shawararsa, ga furfura ga ciwon gwiwa, aka ba shi gadon sama, yana tsaye gindin tsani yana tunanin rayuwa.

Ɗan Tarihi ba ya kwana sai a tsohon gari. Tun kafin ka zauna zai gaya maka Francisco Pizarro ne ya kafa birnin a 1535, hukumar UNESCO ta sa tsakiyarsa cikin wuraren tarihi na duniya, kuma an buɗe Gran Hotel Bolívar da ke dandalin San Martín a 1924. Duk gaskiya ne. Shi kansa dai ba a nan ya sauka ba, ya kama wani tsohon gida mai barandar katako a wani lungu, inda matakala ke kuka kuma ruwan zafi ke zuwa in ya ga dama. Dandalin San Martín ɗin nan kuwa shi ne matattarar masu zanga-zanga, in kuma Oktoba ne, jerin gwanon addini na Señor de los Milagros yakan cika titunan da mutane masu shunayyar riga, mota ba ta motsi. Da dare ya buɗe littafinsa ya karanta yadda girgizar ƙasa ta 1746 ta rushe birnin, ya ɗaga kai ya dubi tsagar da ke rufin ɗaki, ya tashi ya je ya tabbatar da inda aka manna koriyar alamar wurin fakewa.

Namu ma suna zuwa, ko da ba su da yawa, galibi taro ne ke kawo su. In ofis ne ke biya, Alhaji yana San Isidro, unguwar bankuna da ofisoshin jakadanci. In kuwa an danƙa masa kuɗin guzurin a hannu, ran nan zai gano cewa shi ba mai son ƙarya ba ne, ƙaramin ɗaki ma ya isa. Buta tana cikin akwati, wannan ba a wasa da shi. Tambayarsa ta farko ga yarinyar da ke karɓar baƙi ita ce, "'Yata, ina ne gabas?" Waya ta fassara, yarinya ta miƙa masa taswirar gidajen abinci. Daga baya wayar ce ta nuna masa alƙibla, gabas da ɗan karkata arewa. Da safe ya zagaya teburin karin kumallo yana nuna kowane faranti da yatsa, kuma yana da hujja, domin burodi da soyayyen naman alade da dankali, chicharrón, shi ne karin kumallon da Lima ke alfahari da shi. Ya ƙare da ƙwai da burodi da fiya. Takardar abin sha na maraba da aka ba shi ta pisco ce, giyar inabi, ya mayar da ladabi. Da rana aka kawo masa ceviche, ɗanyen kifin da aka jiƙa a ruwan lemon tsami, ya kalla, ya kalli mai kawowa, ya ce a koma a ƙarasa dafawa. Ranar Juma'a kuwa ya nemi masallacin da ke Magdalena del Mar, ya dawo yana cewa da ya sani da can ya sauka tun farko.

Akwai Lauyan Kansa, wanda ke tsayar da layi a wajen biya. Ya san Peru tana ɗora harajin kashi 18 cikin ɗari a kan kaya da hidima, ya kuma san baƙon da ba mazaunin ƙasar ba, wanda zamansa bai wuce kwana 60 ba, an ɗauke masa shi a kuɗin masauki in ya nuna fasfo da shaidar shigowa. Yana da ban haushi, muryarsa tana tashi, amma shi ke da gaskiya, kuma waɗanda ke tsaki a bayansa su ne na farko wajen zaro fasfo.

Na ƙarshe shi ne Sai Mun Isa, wanda bai kama ɗaki ba saboda Allah na nan. Direban da ya ɗauko shi ya ce ɗan'uwansa yana da wuri mai kyau. Kuɗin da ke jikin allo ya yi masa daɗi ƙwarai, sai da ya shiga ya ga madubi a rufi da jan ƙwan lantarki, sannan aka buga ƙofa bayan awa uku, ya fahimci cewa farashin ba na kwana ba ne.

Kai da ke shirin zuwa, duba Lince da Jesús María da Pueblo Libre da Magdalena, ko ɓangaren Surquillo da babbar hanya kawai ta raba da Miraflores, inda kasuwa take kusa kuma bas ɗin Metropolitano ke wucewa. Kafin ka biya, tambayi ko tagar ɗakin waje take kallo ko cikin gini, ko ruwan zafi yana nan dare da rana, sannan ka nemi ɗakin baya, domin direbobin Lima ba sa ɗaga hannu daga kan oda.