Mutum Bakwai, Mota Ɗaya, a Tsibirin Ayislan

Ayislan tsibiri ne a ƙuryar arewacin Tekun Atlantika. Mutanensa ba su kai dubu 400 ba, amma akwai shekarun da baƙin da ke zuwa kallo suka haura miliyan biyu. Daga Landan tafiyar kamar awa uku ce a jirgi, sai ga ka a filin jirgin Keflavik, a ƙasar duwatsu masu aman wuta da tsaunukan ƙanƙara da ruwan zafi mai ɓulɓulowa daga ƙasa. Samun biza da kuɗin jirgi aiki ne, amma babban aikin yana zuwa ranar da abokan tafiya suka zauna tsara inda za a je da abin da za a yi. A nan halin kowa yake fitowa fili.

Mai Jadawali. Shi ya riga ya gama yawon tun kafin a tashi, saura kawai jiki ya bi. Ƙarfe takwas da minti goma ana Thingvellir, inda 'yan ƙasar suka kafa majalisarsu a shekarar 930, inda kuma ake ganin tsagar da ke raba farantan ƙasa biyu. Ya ba tarihin shekara dubu da ɗoriya minti ashirin, har da shiga bayan gida. A duk tsibirin abu ɗaya ne yake gani da mutunci, wato maɓulɓular Strokkur, domin ita ce ke feso ruwan zafi sama duk bayan minti biyar zuwa goma ba ta saɓa alkawari. Titin da ya kewaye ƙasar ya ɗara kilomita 1,300, shi kuwa ya ce kwana huɗu sun isa. Ran da iska ta sa aka rufe hanya, sai ya tsaya yana nuna wa sama takardarsa. In ka tuna masa cewa a Afrilun 2010 tokar dutsen Eyjafjallajokull ta hana jirage tashi a Turai kusan mako guda, ta wargaza jadawalin miliyoyin mutane, sai ya ce ai su ba su iya tsari ba ne.

Mafaraucin Hasken Arewa. Abin da ya kawo shi ɗaya ne: koren hasken nan da ke rawa a sararin sama. Sai dai ya sayi tikitinsa a watan Yuni saboda ba ya son sanyi. A Yuni kuwa rana takan yi kusan awa 21 a sama a Reykjavik, babban birnin ƙasar, sauran lokacin ma duhu ba ya kankama. Hasken yana son dare mai duhu da sama marar gajimare, daga Satumba zuwa farkon Afrilu. Yana da ƙane wanda ya zo a Disamba, lokacin da yini bai fi awa huɗu zuwa biyar ba, yana tambayar ina tsuntsayen nan masu jan baki da ake kira fafin, alhali sun koma teku tun Agusta. In aka yi dace suka zo a kan kari, ba mai barci. Ƙarfe biyun dare zai buga ƙofa: "Ku fito, ya fara!" Ku fito kuna karkarwa, ku tarar da wani fari-farin abu a sama. A wayarsa kaɗai yake kore shar.

Uwar Hotuna. Ita ba ta kallon wuri, wuri ne ke tsayawa a bayanta. Akwatinta cike da mayafai kala-kala, ba rigar ruwa ko ɗaya. A Seljalandsfoss, magangarar da ake iya zagayawa ta bayan ruwanta, ta shiga da kwalliya ta fito tana ɗiga. Wannan abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba yana gaɓar Reynisfjara kusa da garin Vik, mai baƙin yashi, inda teku kan yi lamo sannan ya turo igiya ɗaya mai nisa ta kwashe mutum. An rasa rayuka a wurin, shi ya sa aka kafa alluna da fitilun gargaɗi. Ita kuwa sai ta juya wa teku baya ta ce, "Yaya, ɗan matsa baya, allon nan yana ɓata min hoton." A filayen daskararren aman wuta kuma tana son ta kwanta a kan gansakuka, wadda in an tattake ta sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo.

Sarkin Maƙo. Duk farashin da ya gani a kuɗin ƙasar, krona, sai ya juya shi zuwa kuɗin gida, sannan ya yi salati. Rabin jakarsa taliyar leda ce. Ya ji cewa kantin Bónus ya fi araha, ya je ya tarar alamar kantin hoton alade ce, ya yi jim, ya duba aljihunsa, ya shiga. Da aka ce a je Blue Lagoon, shahararren tafkin ruwan ɗumi, ya riga ya binciko cewa ruwan daga tashar wutar lantarki ta Svartsengi yake fitowa. "Wato in biya wannan kuɗi in yi wanka da ragowar ruwan inji?" Abin haushin shi ne sau da yawa yana da gaskiya. Ruwan famfon ƙasar ya isa sha, sayen na roba asara ce, kuma kusan kowane gari yana da wurin ninƙaya mai ruwan ɗumi da kuɗi kaɗan. Inda yake faɗuwa shi ne wurin hayar mota, da ya ƙi biyan inshorar yashi da toka. Iskar kudancin ƙasar kan kwaso yashi ta kankare fentin mota, sai araha ta zama ba ta ado.

Gwanin Tuƙi. "Ni da na yi tuƙi a Legas da Alƙahira, wace hanya za a nuna min?" Da ƙaramar motar haya yake son shiga hanyoyin tsakiyar ƙasa masu alamar F, waɗanda ba a buɗe su sai da bazarar can, kuma sai mota mai jan ƙafa huɗu, domin wasu sai an ratsa kogi ba gada. An ce masa doka ta hana sauka daga titi a bi daji, tarar kuma mai nauyi ce, ya ce ai ba ɗan sanda a nan. Bai san gada mai layi ɗaya ba, bai san tumakin ƙasar sun ɗauki titi gidan ubansu ba, bai san iska kan fizge ƙofar mota ta lanƙwasa ta in an buɗe da hannu ɗaya ba. Irinsa ne ke sa masu aikin ceto, waɗanda 'yan sa-kai ne ba albashi, su baro gadonsu cikin dare. Lambar da ya kamata ya haddace ita ce 112, amma shi ya ce ba zai buƙace ta ba.

Limamin Tafiya. Tambayoyinsa masu ma'ana ne, yawansu ne matsala. A tsakiyar bazara rana tana faɗuwa wajen sha biyun dare, kafin ƙarfe uku ta sake fitowa, don haka ya tara fatawa uku kan lokacin Isha, kuma kowacce sai ya karanta wa mota. Shi ya gano cewa tsiran da ake sa wa a burodi, wanda kowa ke yabo, akwai naman alade a haɗinsa, ya ceci jama'a, aka koma kifi da kindirmon ƙasar mai suna skyr. A wurin ninƙaya aka ce masa ƙa'ida ce kowa ya yi wanka da sabulu ba kaya a jiki kafin ya shiga ruwa. Ya dubi ma'aikacin ya ce, "Bawan Allah, ba ku da mai labule?" Ran da ya ji cewa busasshen kan kifin da ake kai wa kasuwannin Najeriya har daga nan ake loda shi, sai ya fara kallon ƙasar da idon dangi.

Malam Duk-Ɗaya. Lokacin shiri ba ya cewa komai sai "Duk abin da kuka yanke daidai ne." A hanya ne bakinsa ke buɗewa. Ya yi barci har aka wuce tafkin Jokulsarlon, inda gutsattsarin ƙanƙarar Vatnajokull ke yawo a kan ruwa, ya farka yana cewa ba a nuna masa komai ba. An shiga jirgin ruwa a Husavik kallon kifin wel, ya ƙare tafiyar kansa a cikin leda. Babban ƙorafinsa shi ne bai ga wuta tana malala ba, kamar yadda aka gani a dutsen Fagradalsfjall a 2021. Sai an gaya masa cewa barazanar irin wutar da yake marmari ita ta sa mutanen garin Grindavik barin gidajensu a Nuwamban 2023, sannan ya yi shiru na minti biyar.

Duk da haka kada ka bar ko ɗaya a gida, raba musu aiki kawai. Mai Jadawali ya kama masauki, amma a ƙwace masa agogo. Sarkin Maƙo ya riƙe jaka, ban da ranar hayar mota. Liman ya kula da abinci, Mafarauci ya riƙa duba hasashen yanayi kowace safiya tunda dama idonsa na sama, Uwar Hotuna ta ɗauki kowa amma fuskarta na kallon teku. Gwanin Tuƙi a ba shi kujerar baya da taswira. Shi kuwa Malam Duk-Ɗaya, a sa ya sa hannu a takarda tun a gida cewa ya amince da tsarin, a riƙa nuna masa ita duk lokacin da ya farka.