Ƙaura zuwa garin da ba sarki

Tun da Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, jama'a ke ta ɗaure kaya suna rantsuwar sun tashi ke nan. Da yawa Mastodon suka nufa, dandalin da Eugen Rochko ya ƙirƙiro a Jamus a 2016. Abin da ake tallarsa da shi: ba shi da mai gida ɗaya. Kowa na iya kafa tasa sabar, sabobin kuma suna gaisawa da juna.

Da daɗin ji. Sai ka zo rajista a ce ka zaɓi saba. Kai da ka gudo daga hannun attajiri guda, ga ka tsaye gaban dubban masu unguwa, kowa da dokarsa, wasu ma ba sa ga-maciji da juna. Wani daga aljihunsa yake biyan kuɗin sabar, ranar da ya gaji ya rufe, ba wanda za ka kai wa ƙara. In ka sauya saba mabiyanka za su biyo ka, amma tsofaffin rubuce-rubucenka can za su kwana.

Masu ƙaurar dai sun fi ba ni dariya. Mutum ya rubuta doguwar wasiƙar ban kwana a X, wato Twitter ɗin da aka sauya wa suna, sannan ya riƙa leƙowa ya ga mutum nawa suka yi jimamin tafiyarsa. Da wani dandalin, Bluesky, ya buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024, suka sake ɗaure kaya. Sanarwar wannan ƙaurar ma a X muka karanta ta.