Yadda Za Ka Zama Ɗan Fashin Teku Daga Kankiya

Na ɗauka kai ma akwai yaro a gidanku da ya ga bidiyon Sea of Thieves a waya ya hana kowa sakat. Idan babu, ka gode wa Allah ka juya shafi. Nawa ɗan ƙanwata ne, yana Kusada, kuma tun bayan ƙaramar salla gaisuwarsa ta koma, “Kawu ina kwana, wai a wace na'ura ake buga shi?” Ga abin da na tsinto a yawon neman amsa. Kyauta na ba ka, don ni na riga na biya da kuɗin mota da hawan jini.

Shawara ta ɗaya: haddace sunayen nan kafin ka taka kasuwa. Kamfanin Rare na Ingila ne ya ƙera wasan, shi kuma kamfanin mallakar Microsoft ne. Wasan ya fito ranar 20 ga Maris, 2018 a kan Xbox One da kwamfuta mai Windows 10. A 2020 ya shiga shagon Steam, ya kuma hau Xbox Series X da Series S. Masu PlayStation 5 sai ranar 30 ga Afrilu, 2024 aka buɗe musu ƙofa. Iyakarsu ke nan. Duk wanda ke kan ɗaya daga cikinsu yana iya shiga jirgi ɗaya da na kan sauran. Babu shi a Nintendo Switch, babu shi a PS3, babu shi a PS4.

Shawara ta biyu: babu shi a PS4. Na san na faɗa. Na maimaita ne saboda daga bakin tashar Kankiya har Gidan Mutum Ɗaya, duk gidan gem ɗin da ka leƙa PS4 ce sarauniya, wani wurin ma PS3 ce ke ta nishi a ƙarƙashin fanka, ana ta ƙwallo da Mortal Kombat tun hantsi. Na maimaita kuma saboda ɗan kasuwar ƙasar nan bai iya furta “babu” ba. Na je wata kasuwar na'urori a Kano, na ambaci sunan wasan, mai shagon ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Akwai, Alhaji, sai dai a zuba maka.” Na ce an ce fa ba ya hawa PS4. Ya yi murmushin tausayi ya ce, “Wannan maganar Turawa ce, mu nan muna da hanyarmu.” Ya aiki yaro, yaron ya aiki wani yaron, aka ba ni benci da ruwan leda, aka kira la'asar muna zaune. Can sai ga jirgin ruwa a allo, ga igwa, ga baƙar tuta. Har na fara laluben aljihu. Allah Ya sa da mai abin na je. Kallo ɗaya ya yi ya ce, “Kawu, wannan ai Black Flag ne, kai kaɗai ne mutum a cikin tekun.” Ashe Assassin's Creed IV ne, wasan 2013. Mai shagon bai ji kunya ba ko ƙanƙani, cewa ya yi, “To ba 'yan fashin teku kuka ce ba?” Gaskiyar magana, a raina ina bayansa. Wasa ne mai kyau, ba ya neman intanet, ba ya neman abokin tafiya, da shi ya dace da mu. Amma yaron zamani ba teku yake so ba, so yake ya nutsar da jirgin wani yaro da ke zaune a Jamus.

Ta uku, waya. Kada ka soma. Babu wasan a Android, babu a iPhone. Abin da za ka tarar a shagon manhajoji mai hoton ɗan fashi da ido ɗaya, talla ce ake yanko maka ɗan wasa a tsakiya. Akwai dai hanyar da Microsoft ke kunna wasan a na'urorinsa can, hoton kawai ke zuwa wayarka, ita ake kira Xbox Cloud Gaming, sai dai Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka buɗe wa. Ko da tana ciki, a gidan ƙanwata sai an hau turmi an jingina da katanga ake samun sabis ɗin aika saƙon murya.

Ta huɗu, kwamfuta. A takarda ita ce mafi rahusa, domin da ka sayi wasan ba ka biyan kuɗin wata kafin ka shiga cikin jama'a. Amma ba irin laftof ɗin da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ke buga firojet da ita ake nufi ba. Ana son mai katin hoto na kirki. In ka matsa wa taka, za ta ɗauki zafi ta yi ta huci, igiyar ruwa ta riƙa zuwa maka hoto ɗaya-ɗaya.

To mu ƙaddara wani yayanka na Abuja ya yi kuskuren barin PS5 a gida. Yanzu aikin ya fara. Wurin buɗe asusun PlayStation za a tambaye ka ƙasarka, ka duba jerin sama da ƙasa, babu Najeriya. Nan take yaron da aka yanke wa cibiya a Kusada zai zama mazaunin Landan ko wani gari a Amurka, har da lambar gidan waya ta wata unguwa da bai san ko akwai masallaci a cikinta ba. Daga nan sai asusun Microsoft, don wasan nasu ne ko a na'urar wa ka hau. Daga nan sai PlayStation Plus, kuɗin wata-wata, in kana son shiga jirgi da mutane. Duk da dala ko fam, ta hanyar katin da za ka saya a hannun wani da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, ka tura kuɗi ta mai POS, ka zauna kana salati har lambar ta iso. A ɓangaren Xbox ma haka ne, sunan kuɗin watan ne kawai ya koma Game Pass.

Ta biyar, ko ta shida ce, saukewa. Wasan ya haura gigabait hamsin, kuma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Kada faifai ya ruɗe ka, Series S ko ramin saka faifai ba ta da shi. Ka sayi datar dare, ka kwana kana gadin wani ɗan layin saukewa da ke tafiya a allo, ya kai kashi casa'in da wani abu, ladan ya kira assalatu, data ta ƙare. Ranar da ka gama, mutanen Rare sun fito da sabon zango, sai an sabunta kafin a shiga.

Wuta kuwa, bari in ajiye lissafin lambobi. Tsarin wasan shi ne, akwatin dukiyar da ka haƙo a tsibiri ba naka ba ne sai ka kai shi tasha ka sayar. Wato za ka yi awa biyu kana karanta taswira, kana faɗa da ƙwarangwal, kana cin ayaba don jini ya dawo (da ɓawonta suke cinta, Allah Ya shirya), ka loda jirgi, tasha na hangenka kana hangenta, sai ɗif. Ka tashi a guje ka ja igiyar janareta, ya yi tari ya yi shiru, don tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kwalba-kwalba ake zuba masa. Kafin na'ura ta farfaɗo, sabis ya dawo, jirginka na ƙarƙashin ruwa. A Oktoban 2024, da layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu. Kuma wallahi a nan dariyar ke ƙare mini. Ni wasa na rasa. Mai walda na bakin titi yini guda yake yi da ƙarfe a hannu yana jira, tela ya karɓi ɗinkin biki ya koma keken ƙafa, mai ƙanƙara ya zubar da jarinsa a kwata, mai cajin waya ne kawai ke godiya. Shekara nawa muna wannan? Yaro a wata ƙasa tambayarsa ita ce wace na'ura, namu sai ya fara da tambayar ko akwai wuta, kuma har ya daina jin abin a matsayin abin mamaki.

Ina muke? Abokan tafiya. Jiragen iri uku ne: ƙarami na mutum ɗaya ko biyu, matsakaici na uku, babba na huɗu. Wani ya riƙe sitiyari, wani filafilai, wani igwa. Kai da kake Kankiya, na'urorin da ke riƙe da tekun ba a Najeriya suke ba, don haka duk abin da ka danna sai ya je ƙetare ya dawo. Ka harba igwa, jirgin da ka auna ya riga ya wuce. Ba a daɗewa abokan tafiyarka za su gane, su miƙa maka bokiti da katako su tura ka ƙasan jirgi, ka yi ta toshe huda kana kwashe ruwa kamar matan gida a tsakar gida cikin ruwan Agusta. Ka biya dala, ka ƙona fetur, ka zama lebura. Wani yaro yana ta yi maka ihu da Faransanci, kai kana cewa “to, to.”

In kuma ka tsira daga duk wannan, sai wasu 'yan wasan su tare ka a bakin tasha su kwashe kayan, don haka aka tsara abin. A Disambar 2023 kamfanin ya ƙaro wani sashe mai suna Safer Seas, inda babu kowa sai kai da mutanenka, babu mai tare hanya. Shi ma sai da intanet. Mutumin jihar Katsina dai ba ya buƙatar a yi masa bayanin me ya sa wani zai so hanyar da ba a tarewa. Abin da ya kasa ganewa shi ne masu biyan kuɗin wata don a tare su.

Akwai wata shawara kan sola da batir, amma da na ji farashin na fasa rubuta ta.

Saura abu ɗaya. Akwai wani wasan 'yan fashin tekun mai suna Skull and Bones, na kamfanin Ubisoft, ya fito a Fabrairun 2024. Shi ko Xbox One ba ya hawa, sai PS5 da Series X da S da kwamfuta mai ƙarfi. In ka ga yaron yana kallon bidiyonsa, karɓe wayar ka aike shi sayen ƙosai.