Raɗa a Gidan Rediyo

Garinmu yana arewacin Jigawa, dab da kan iyaka, inda tashoshin FM na Kano suke isowa a galabaice. Ka kunna rediyo mai labarai ya ce "Gwamna ya bayyana cewa", sai shuuu, sai wata tashar Nijar ta kutso kai da sanarwar ɗaurin aure, rabi Hausa rabi Faransanci. FM tafiyar miƙe yake yi, daga kan eriyar tasha zuwa ɗan gaba da inda ido zai hango. Gajeren zango ne ke tashi sama ya daki rufin iska ya dawo ƙasa, har mutum ya ji Landan yana bukkar gona. Mu kuwa Kano ta faɗa mana bayan doron ƙasa.

Sai na yi dabara. Na sayo 'yar na'urar watsa murya a kasuwar Sabon Gari, mai gyaran rediyonmu ya ɗaure mini eriya biyu a kan doguwar gora a bisa soro, ɗaya ta kamo Kano, ɗaya ta sake watsa wa unguwa a wani gurbi da muka ga kamar babu kowa tsakanin 87.5 da 108. Ya haɗa mini da makirfo, don in riƙa gaishe da jama'a tsakanin shiri da shiri. Na san da doka. Tun 1992 aka kafa hukumar NBC, kuma Raypower da ta buɗe a Legas a 1994, da Freedom da ta fara a Kano a 2003, duk sai da suka karɓi lasisi. Ni lasisina gora ce da wayar ɗaure kwano. Na bi majalisa majalisa ina shela cewa daren Litinin kowa ya murɗo rediyonsa, zai ji Kano tar.

A gaban na'urar akwai maɓallan murɗawa guda biyu, baƙaƙe, iri ɗaya sak, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Ɗaya na shirin Kano, ɗaya na makirfo. Ku riƙe wannan.

Shiri ya fara lafiya lau. Na gaishe da mai unguwa, na gaishe da liman da na'ibinsa, na gaishe da mai shayi da dukkan mazauna teburinsa, har na kuskura na gaishe da Alhajin kanti, wanda yake bi na kuɗin rabin buhun shinkafa tun kafin babbar sallah. Ashe yana zaune a teburin. Da ya ji sunansa sai ya ce wa yaronsa, tunda yau an tabbatar mutumin yana gida, je ka karɓo.

Ina turaka, labarai na tafiya, na ji sallama daga zaure. Muryar yaron Alhaji ba ta ɓace mini ba, ko a mafarki na san ta. Na miƙa hannu na murɗe maɓalli ɗaya har ƙarshe, na yafito uwargida, na matso da bakina kusa da kunnenta. Makirfon yana tsakaninmu a kan tebur.

"Ki ce masa na tafi kasuwar Maigatari."

"Malam, a daren nan? Kasuwar Maigatari ai ranar Alhamis take ci."

"To ki ce ta'aziyya na tafi."

"Wa ya rasu?"

"Ki ce kawuna na Damagaram."

"Haba Malam. Ai shi ka kashe wancan watan."

"To ki ce wancan karon suma ya yi, yanzu ne ta tabbata. Kawuna na Damagaram ya rasu, shi ke nan, kada ki ƙara komai. Shinkafar ma da yake ta aike a kanta rabinta tsakuwa ce, ga mudun nan nasa an bubbuge masa gindi."

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma baki in ya samu gangara ba ya jin birki. Na ƙara da cewa 'yan kasuwar nan duka ɗaya ne, har mai shayin da ke tsula wa madara ruwa tun kafin ya buɗe tebur.

Uwargida ta ja mayafi ta fita. Ni kuma na jingina da kujera, na yi ajiyar zuciya, sai na ji abin da ya kamata in ji tun ɗazu: shiru. Mai labaran Kano ba ya magana. Ɗakin tsit. Ga 'yar jar fitilar na'urar tana ci, ga allurar da ke nuna ƙarfin murya ta ɗaga kai da ajiyar zuciyata ta koma ta kwanta. Na yi gyaran murya kaɗan, don gwaji. Allurar ta yi tsalle. Ta taga kuma, daga gidan maƙwabcina, daga shagon tela, daga can wajen teburin mai shayi, na ji gyaran muryata ta fito lokaci guda, ehem, a rediyo fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Ban tashi ba. Ban kashe ba. Abin da har yanzu nake juyawa a raina ke nan. Na zauna ina kallon allurar nan, na sake yin ehem, wai ko na farkon kuskuren kunne ne. Unguwa ta sake amsawa, ehem. Sai wani ya fashe da dariya a teburin shayi, irin dariyar da ke haɗe da ƙwarewa, na ji benci ya faɗi. Kano na kashe. Gwamnan da ya dame mu da shuuu shekara da shekaru, ni da hannuna na rufe masa baki, na share wa raɗata fili.

Kuma raɗa ba ta da sirri a wajen makirfo. Da ka matso kusa da shi, raɗa ta fi ihu fita, kowane harafi da iskar da ta rako shi. Mutanen da suka saba tsinto magana daga cikin ƙara, suna manna rediyo a kunne suna juya shi gabas da yamma, a daren nan suka ji "an bubbuge masa gindi" da tsabtar da ba su taɓa jin ko shugaban ƙasa da ita ba.

Daga zaure na jiyo uwargida ta fara: "Ka ce wa Alhaji, Malam ya..."

"Na ji, Inna," in ji yaron. Wayarsa na hannunsa, rediyonta a kunne. "Alhaji ma ya bugo yanzu. Ya ce Allah ya jiƙan kawu karo na biyu. Ya ce kuma in tsaya a nan har a dawo daga jana'iza."

Wannan ma ta fita a iska, daga nesa, amma ta fita. Sannan ne na fizge wayar batir.

Ba a jima ba Baba ya iso, da tocila a hannu ɗaya, da tsohuwar rediyonsa mai rigar fata a ɗayan. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Ya yi zamanin Rediyo Kaduna a kan mita 49, ya sayi katin zaɓi sonka har ya gaji, ya aika wasiƙu ga Amsoshin Takardunku. Ya ratsa yaron Alhaji a zaure, ya shigo yana haki, fuskarsa cike da murna.

"Ɗana, barka! Sigina fes! Na taka da ƙafata har bayan tashar mota, ba ta yanke ba sai wajen maƙabarta. Maganar madarar nan a bakin rijiyar burtsatse na ji ta, kamar kana gefena."

"Baba, ni yanzu yaya zan yi da Alhaji?"

"Wane Alhaji? Bar wannan. Eriyarka ce ta yi tsawo. A wajejen 100, santimita 75 ake yanka ta, rubu'in zango ke nan. Ka rage ta, ka ƙara wa gorar gaba biyu, in sha Allahu har Magarya sai an ji ka."

Na ce masa ni addu'ata a ce ko soro muryar ba ta wuce ba. Bai ji ba. Ya zauna a bakin gadona, ya ajiye tocilar tana haska rufi, ya ce abu na biyu, daga yau in daina gabatar da shiri da muryar shela, don ba ta da daɗi, tana kama da ta mai tallar maganin basir. Raɗar nan ita ce baiwata. In riƙa karanta gaisuwa da raɗa.

Ya kuma yi mini bushara cewa masu sauraro sun fi yadda na zata. Irin wannan na'ura mai araha ba ta tsayawa a gurbinta, tana fantsama hagu da dama. Shi kuma FM, in murya biyu suka haɗu a wuri ɗaya, rediyo mai ƙarfin yake ɗauka ya watsar da raunanar gaba ɗaya. Saboda haka matan da ke cikin gidaje suna sauraron tashar Nijar ɗin nan, ba su san da shirina ba, kawai sun ji kiɗa ya ɗauke, wani ya ce a cikin raɗa mai ban tausayi, kawuna na Damagaram ya rasu.

"Ka ga ke nan ka ci kasuwar mata," in ji Baba. "Manyan tashoshi kuɗi suke kashewa kafin su samu wannan."

Da ya ga na dafe kai sai ya ɗauka tsoron hukuma nake. Ya ce kada in damu, abin yana da magani tun zamanin da. A 1964 wasu a Ingila suka ɗora tasharsu, Rediyo Caroline, a jirgin ruwa, suka tsaya wajen iyakar ruwan ƙasar, doka tana kallonsu ba ta iya taɓa su. A zamanin Abacha kuma Rediyo Kudirat, ta su Wole Soyinka, daga ƙasar waje take watsowa a gajeren zango, sojoji suna ji ba yadda za su yi. Mu ba mu da teku, amma Allah ya ba mu kan iyaka. In ɗora na'urar da batir a amalanken shanu, kullum da magariba a tsallaka da ni Nijar, in gama shiri a dawo da ni. Na ce Nijar ma ai tana da tata hukumar. Ya ce to sai a tsayar da amalanken daidai kan layi, shanu a can, ni a nan.

Sai da zai tafi ya tuna da Alhaji. Ya ce abu mai sauƙi: gobe in shelanta cewa wasan kwaikwayo ne, irin na su Samanja, an ji kashi na ɗaya. Amma lalle in sa wa Alhaji tasa rawar a kashi na biyu, don a yi adalci, a kuma kawo mudun a buga shi a gaban makirfo jama'a su yi hukunci. Ya ɗauki tocilarsa, ya ce kuma gobe kada in manta da gaishe shi, yau na tsallake shi.

Talata da asuba ban je masallaci ba, tunda ina Damagaram. Na'ibi, wanda rediyonsa ya kama tsakiyar zance kawai, ya sa aka yi wa kawu addu'a. Hantsi bai yi ba mata suka cika tsakar gida, wata da ƙwaryar gero, wata da kuka tun daga zaure, uwargida tana amsa gaisuwa da fuskar da ban so in sake gani ba, ni kuwa ina ƙarƙashin gado da na'urar a ƙirjina. Mai shayi ya aiko da shayi kofi ɗaya, baƙi ƙirin, ya ce a gaya wa mai makoki wannan babu ruwan madara.

Yau da safe wayata ta yi ƙara, lambar Nijar. Wani direban da ke jigila zuwa Damagaram ya kai labari har gida, ya tarar da mamacin a ƙofar gida yana cin goro.

Na ɗauka, na yi sallama, na fara tambayar iyali.

"Bar gaisuwar nan, yaro," in ji kawu. "Wannan karon nawa ake bin ka?"