Nawa Ne? Bayani Ga Mai Zane Da Ke Jin Kunyar Faɗin Kuɗin Aikinsa

Tambayar da ta fi wahalar da mai zane a ƙasar nan gajera ce: "Nawa ne?" Mutum zai yi kwana da kwanaki yana haɗa launi, ya fitar da dokin Sarki ranar hawan sallah har kana iya ƙirga tufkar linzami, amma da zarar an jefa masa wannan tambaya sai ya sosa ƙeya, ya dubi sama, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ma haka da kai. Ka ba da abin da ya sawwaƙa." Alhaji kuwa mutum ne mai bin umarni. An ce ya ba da abin da ya sawwaƙa, to shi zai bayar, kuma abin da ya fi sawwaƙa a aljihun kowane ɗan Adam shi ne takardar kuɗin da ta fi ƙanƙanta.

Wannan ciwo bai tsaya ga mai fenti da burushi ba. Yana damun mai zayyanar allo da Alƙur'ani, da mai ɗinkin hula, da baduku, da mai sassaƙar ƙwarya, da maginin da ke yi wa bangon gida ado irin na Zariya. Mai tumatir a bakin kasuwa ba ta san shi ba. Ta san nawa ta sayo kwando, ta san nawa ta ba mai mota da ɗan dako, in ka tambaye ta kashi nawa ne za ta faɗa maka ido cikin ido, ba ta taɓa cewa ka ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da ta fi mai zane da shi lissafi ne kawai, don haka daga nan za mu fara.

Ɗauki takarda da biro. Rubuta duk abin da aikin ya ci: ƙyalle, fenti, katakon firam, gilashi, kuɗin motar zuwa sayayya, man janareta na daren da aka ɗauke wuta kana tsakiyar fuska. A ce duka sun kama naira 15,000. Sai ka rubuta kwanakin da ka yi, a ce goma. A nan ne masu zane da yawa suke ajiye biro, domin a ganinsu kwana ba kaya ba ne, tunda ba a kasuwa suka sayo shi ba. To kaya ne, kuma gwamnati ma ta yi masa farashi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne a wata. In ka raba shi da kwanakin aiki 26, yini ɗaya ya kama kusan naira 2,700. Kwana goma ke nan naira 27,000. Haɗa da kuɗin kaya, zanen ya tsaya maka a kan naira 42,000, kuma wannan a kan lissafin cewa gwanintarka daidai take da ta wanda aka ɗauka aiki jiya.

Yanzu a ce Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ciro naira 20,000, ka karɓa da hannu biyu kana godiya. Bayan cire kuɗin kaya, saura 5,000, wato naira 500 a yini. A bisa lissafi, kai ne ka tallafa wa Alhaji da naira 22,000 domin ya ƙawata falonsa. Taimako abu ne mai kyau, amma ya kamata mai bayarwa ya san ya bayar, mai karɓa kuma ya san an ba shi. A wannan ciniki babu wanda ya sani a cikinsu, shi ya sa mai karɓar ne ake yi wa godiya.

Masu zanen hoto suna da wata hanya mai sauƙi: a auna tsawo da faɗi, a ninka, a sa wa kowane inci kuɗi. Zane mai inci 20 a 30 yana da murabba'in inci 600. In ka ce kowane inci naira 100, farashi ya zama 60,000. Amfanin wannan hanya shi ne in mai saye ya ja, da tef yake jayayya, kuma tef ba ya jin kunyar kowa. Sai dai ba ta dace da kowa ba. Mai zayyana da mai ɗinkin hula, ƙaramin wuri ne yake cinye musu ido da makonni, don haka su kwana za su ƙirga, da yawan zare ko tawada, da wahalar samfurin.

In ka gama lissafi, saura faɗa. Ana faɗin farashi a tsaye ko a zaune, duk ɗaya ne, muddin hannu bai je ƙeya ba. Ka faɗi adadin a cike, ka rufe baki. Za a yi shiru. Wannan shirun na mai saye ne, shi ke da alhakin cika shi. Masu zane da yawa sun yi asarar kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu a cikin wannan shiru, saboda sun kasa jurewa sun ce, "Amma dai ana iya yin magana," tun kafin a nemi ragi. In an taya ƙasa da lissafinka, amsar da kakanninmu suka bari a kasuwar Kurmi tana nan, ba ta da zafi, ba ta ɓata zumunci: "Albarka." In ya ƙara, bai kai ba, ka sake cewa albarka. In ya juya zai tafi, ka bar shi ya kai ƙofa. Wanda ya zo don zanen zai waiwayo.

Akwai kuma masu biya da abin da ba kuɗi ba, kuma ya kamata a yi musu adalci. Na farko mai biya da addu'a: "Allah ya ƙara basira, Allah ya ɗaukaka." Wannan abu ne mai daraja, ka karɓa ka ce amin da zuciya ɗaya, sannan ka ba da lambar asusu, domin mai sayar da fenti shi ma yana son addu'a amma yana haɗa ta da alat. Na biyu mai biya da talla: "Ka yi mini wannan kyauta, manyan mutane ne ke shigowa falona, za su ga aikinka." Za su gani kuwa. Za su tambayi nawa aka saya, za a ce kyauta ne, su kuma su zo neman irin wannan farashin. Na uku ɗan'uwa. Kawu ya shigo ya ce, "Kai, ashe yaron nan ya iya! Ka zana ni da innarka kafin sallah." A nan ba a cewa albarka. Abin da ake yi shi ne a ce, "Kawu, aikin hannuna na bar maka, kuɗin ƙyalle da firam naira kaza ne." Ka faɗa masa kuma nawa ne cikakken farashin, domin ya san girman abin da aka yi masa, ya kuma faɗi gaskiya in abokansa sun tambaya. Kyauta ga dangi sai a ƙayyade ta a shekara, domin dangin mai zane suna ƙaruwa daidai da yadda hannunsa ke faɗawa.

Aikin da aka yi oda kuwa ba a taɓa burushi sai an karɓi kafin alƙalami, rabi ko abin da zai rufe kuɗin kaya. Dalili a bayyane yake: in mai odar ya ɓace, babu wanda zai sayi hoton surukin wani. A kuma yi magana tun farko a kan gyara. Hajiya za ta duba hoton ta ce a ƙara mata haske. In an ƙara, za ta ce a rage kumatu. Alhaji zai ce a rage tumbi, a ƙara tsayin hula, a kuma sa motar a baya. Gyara ɗaya ko biyu na cikin farashi; daga nan kowane gyara da kuɗinsa, domin a gyara na biyar wani mutum daban ake zanawa, kuma sabon mutum sabon aiki ne.

In aikinka ya kai gidan baje kolin zane a Legas ko Abuja, ka sani irin waɗannan gidaje sukan ɗauki la'ada mai yawa, sau da yawa har rabin kuɗin. Zanen da ya tsaya maka a kan 42,000, in za a raba biyu, sai an sayar da shi 84,000 kafin ka fita. Kada ka ga haka ka riƙa sayarwa a gida da rabin farashi ta bayan fage. Masu saye suna magana da juna, kuma wanda ya gano maƙwabcinsa ya samu a rabin abin da ya biya ba zai sake zuwa ba, dillalin ma zai sauke aikinka daga bango. Farashi ɗaya a gida, a Instagram, da a gidan baje koli.

Sai batun ƙari. Akwai hanyar da aka tabbatar tana ɗaga farashin zane sosai, kuma wajibi ne a ambace ta. Ben Enwonwu ya zana hoton gimbiyar Ife, Adetutu Ademiluyi, a 1974, wanda ake kira Tutu. Ya rasu a 1994. An yi shekaru ba a san inda hoton yake ba, sai aka gano shi a wani gida a arewacin Landan. A Fabrairun 2018 kamfanin Bonhams ya yi gwanjonsa, an yi hasashen fam 200,000 zuwa 300,000, aka sallama a kan fam miliyan 1.2. Hanyar tana aiki. Matsalarta ita ce mai zanen ya yi shekara 24 a kabari kafin kuɗin su fito, don haka ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita. Abin ɗauka a labarin shi ne masana sun iya tabbatar da cewa aikin Enwonwu ne. Ka sa hannu a kowane aiki, ka rubuta shekara, ka ɗauki hotonsa, ka ajiye littafin da ke nuna wa ya saya da nawa. Zanen da ba a san mai shi ba, firam ɗinsa ake tayawa.

Hanyar masu rai ita ce ta Ladi Kwali. Tukwane take ginawa irin na Gbagyi, da zanen ƙadangare da kunama da kifi a jiki, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara su. A gidansa wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yau ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi sabuwar hanyar gasawa da sheƙi, ba ta yar da zanenta na gida ba. Daga 1958 aka fara baje aikinta a Landan, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan naira 20. Takardar yau da ƙyar ta sayi ledar ruwa, tukwanenta kuwa da dubban fam ake gwanjonsu. Aiki ya ƙara kyau, idon da ke ganinsa ya ƙaru, aka san sunan mai shi: a kan waɗannan ne farashi yake hawa ya zauna.

Alamar lokacin ƙari ba ta da wuyar ganewa. In duk abin da ka zana yana tafiya kafin fenti ya bushe, in masu oda suna layi har kana ba su wata biyu, in kowa na biya ba tare da ya taya ba, to kana sayarwa da araha. Mai sayen da ya ji farashi ya yi murmushi ya yi sauri ya ciro kuɗi yana gaya maka wani abu, ka saurare shi. Akwai kuma ƙarin dole. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo baya, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024. Yawancin fenti da burushi masu kyau daga waje suke zuwa. Wanda har yau yake sayarwa a farashin 2022 ya rage wa kansa albashi ne ba tare da kowa ya nema ba.

Ana ƙari kaɗan-kaɗan, kashi goma ko ashirin cikin ɗari, sau ɗaya ko biyu a shekara, a ga yadda kasuwa ta karɓa. Tsalle daga 50,000 zuwa 500,000 saboda an ji labarin Tutu yakan ƙare da ɗaki cike da zane, sannan a dawo ƙasa a gaban jama'a, wanda kuma ya saya da tsada ya ji an cuce shi. Saukowa ta fi hawa ciwo, shi ya sa ake hawa a hankali. Ka sanar da tsofaffin masu sayenka tun da wuri: "Hajiya, daga watan gobe farashi zai canza, in akwai wanda kike so sai a yi yanzu." Ba a ba da haƙuri a kai, ba a kawo tarihin haya da kuɗin makaranta. Wasu za su ce ka fara girman kai. Wasu za su tafi, kuma yawanci su ne masu neman gyara na biyar. Ga wanda yake son aikinka da gaske amma aljihunsa bai kai ba, ka tanadi ƙananan zane ko kwafin da aka buga, ko ka yarda ya biya sau biyu ko uku, zanen yana hannunka har a cika.

Ɗan'uwa mai zane, 'yar'uwa mai zane, kafin ku kwanta yau ku ɗauki aiki ɗaya da ke jingine a bango, ku yi masa wannan lissafi, ku rubuta adadin a takarda ku manna a bayansa. Gobe in an ce nawa ne, ku juya shi ku karanta abin da ke rubuce.