Jirgin Da Kowa Ke So Maƙwabcinsa Ya Hau

A duk majalisar da aka taɓo zancen cunkoson ababen hawa, daga Kano har Abuja, bakin jama'a ɗaya ne: gwamnati ta kawo jirgin ƙasa na cikin gari, ta zuba manyan motocin bas. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa mai mota ne. Zai gyara zaman hula ya ba da labarin jirgin da ya hau a Dubai, da wanda ya kai shi Madina daga Makka lokacin Umara, har da nuna hoto a waya. Abin da ba ya faɗa shi ne dalilin da ya sa yake ɗokin jirgin. So yake maƙwabcinsa ya hau, 'yan adaidaita sahu su ɓace, titi ya zama nasa shi kaɗai.

Ba a ga laifinsa sosai ba, domin unguwa ba ta da sirri. Hawa jirgi a ƙasar waje wayewa ce, amma tsayuwa a tashar bas a gida sanarwa ce ta karayar arziki. Ranar da aka hangi Alhaji a bakin titi yana jiran bas, kafin la'asar labari ya kai gidan surukai. Masu bin sa bashi za su fara sallama, masu neman taimako su ja da baya, wani dattijo ma ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, Allah Ya mayar da alheri." Gara masa ya ƙona man rabin albashi a cikin cunkoso, gilashi a rufe, da ya ji wannan addu'a.

Masu tsara birane ma daga wannan majalisa suka fito, shi ya sa aikinsu ke kama da nasa. A 2007 aka ba kamfanin CCECC na China kwangilar jirgin cikin garin Abuja. Sai a Yulin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi, bayan shekara 11, layin dogo mai tsawon kusan kilomita 45 da tashoshi 12, a kan kuɗi sama da dala miliyan 800. Jirgin ya bi ta Kukwaba da Wupa da Idu ya nufi filin jirgin sama, wani reshen ya yi Gbazango ta wajen Kubwa. Ma'aikatan da ke fitowa daga Nyanya da Mararaba tun kafin a idar da sallar asuba, waɗanda su ne ke cika ofisoshin birnin, suka ci gaba da kokawar shiga mota kamar yadda suka saba. Wasu tashoshin ko titin kirki da zai kai mutum ƙofarsu babu. Abin ya zama kamar wanda ya haƙa rijiya a dawa, ya dawo gari yana mamakin yadda mata ba sa zuwa ɗiban ruwa.

Da annobar korona ta zo a 2020, jirgin ya samu uzurin hutawa, ya kuwa huta har shekara huɗu. Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi bayan an yi titunan shiga tashoshin, aka ce a hau kyauta. Jirgi ɗaya ya ci biki biyu, kowane da rumfa da jawabi. Kalmar kyauta kuma ta yi abin da lasifika ba ta yi ba: har wanda ba shi da wurin zuwa ya kwashi yara aka je filin jirgin sama, aka ɗauki hoto, aka dawo.

Legas ta fi kowa sanin haƙuri a wannan fage. Gwamna Lateef Jakande ya fara aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Mutanen Legas ba su ga jirgin cikin gari yana ɗaukar fasinja ba sai 4 ga Satumban 2023, lokacin da shuɗin layi ya fara aiki daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13. Wanda aka haifa shekarar da aka fara maganar ya hau jirgin yana ɗan shekara 40, wataƙila da furfura. Kafin nan, a 2008, an buɗe hanyar motocin BRT daga Mile 12 zuwa CMS, aka ware wa bas layinta domin talaka ya wuce cunkoso. Dabara ce mai kyau, kuma manya suka gane kyanta kafin kowa. Da suka ga layi fetal babu mota, sai suka ɗauka su aka share wa. A 2012 sai da Gwamna Babatunde Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja yana tuƙi a layin bas.

Kano kuwa ba ta bukatar a ba ta labarin abin da layin dogo ke yi wa gari. Jirgi ya iso a 1911, cinikin gyada ya buɗe, kamfanoni suka kafa rumbuna kusa da tasha, Sabon Gari ya cika da baƙi, dalar gyada ta tashi. Dogo ne ya ja birnin zuwa wajen ganuwa. Sai ga shi bayan shekara ɗari da ɗoriya, abin da ke ɗauke da jama'ar wannan birni mai ƙafa uku ne. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da adaidaita sahu domin mata su huta da hawa acaɓa, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 kuma, sai ɗan sahu ya gaji sarautar titi gaba ɗaya.

A cikin adaidaita ne fasinja ya koyi halin da babu jirgin da zai iya da shi. Mutum uku a baya, ɗaya ya raɓa gefen direba rabin jikinsa a waje, buhun masara a kan ƙafar kowa. Hajiya za ta ce, "Ɗan nan, sauke ni a nan." A tsaya a tsakiyar titi, ta miƙo dubu ɗaya, a shiga neman canji wajen mai rake. Ana tashi, ba a yi taku ashirin ba, na kusa da ita ya ce, "Malam, gaba kaɗan, daidai mai shayin nan." Da ya sauka tare da Hajiya ya ƙarasa da ƙafa, da an huta, amma ai kuɗinsa ya biya, sai an kai shi ƙofar gida. Jirgi bai san gaba kaɗan ba. Ba ya jiran wanda ya tsaya gaisawa, ba ya karɓar "ka yi haƙuri, saura hamsin," direbansa kuma ba ya jin "don Allah minti ɗaya."

A 2016 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sa hannu da kamfanonin China a kan yarjejeniyar jirgin cikin gari ta dala biliyan 1.85. Gwamnatin ta kammala wa'adinta a 2023 ba a ji kukan jirgin ba. Abin da aka gani shi ne gadoji, na sama da na ƙasa, daga gwamnati zuwa gwamnati: Ƙofar Nasarawa, Sabon Gari, Dangi, Hotoro. Gada tana da daɗin hoto, tana kuma da amfani, sai dai ba ta rage yawan motoci. Takan ɗauke cunkoson ne daga wannan shatale-tale ta ajiye shi a na gaba, mai mota ya iso wurin da zai tsaya da wuri.

Wuri ɗaya da aka ga babban mutum ya bi layi shi ne tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna. An buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, tafiyar kilomita 186, da farko masu hali ba su kula shi sosai ba. Da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar mota, sai ga manyan riguna da masu tsaron lafiya a tasha, tikiti ya zama abin nema, 'yan kamasho suka samu sana'ar sayar da shi ninki, har aka koma sayarwa ta intanet a 2021. Rigasa, wadda da yawa daga cikin waɗannan manya ba su taɓa takawa ba, ta samu titi mai hannu biyu, shaguna suka tashi, filaye suka yi daraja. Tashar da manya ke bi ba ta daɗewa babu kwalta. Haka kuma da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, motoci da yawa suka koma ƙarƙashin tamfol, masu su suka gano cewa tafiya a ƙafa tana da amfani ga hawan jini.

Aikin sufuri yana gina gari idan an ajiye tasha inda mutane ke kwana da inda suke neman abinci, aka yi hanyar isa gare ta, aka kuma ware kuɗin gyara bayan an naɗe rumfar biki. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce a saka sharaɗi a cikin kowace kwangila: ministan ko kwamishinan da ya sa hannu, da manyan daraktocinsa, su ajiye motocin ofis su riƙa zuwa aiki a wannan bas ko jirgi duk ranar Litinin.