Malaman Zaman Duniya na Mafara

A Talata Mafara ba sai ka shiga kwalejin Abdu Gusau ba kafin a koya maka zaman duniya. Ka samu benci a teburin mai shayi bayan isha'i, malamai za su same ka. Kowannensu abu guda ne ya taɓa faruwa a gabansa, ya ɗauka ya mai da shi doka a kan dukan 'yan Adam.

Ga Malam Komai-Rabo. Hujjarsa zaɓen 2019: APC ta cinye Zamfara, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta saboda rikicin fid da gwani, sai ga Bello Matawalle na Maradun a kujerar gwamna. Tun daga ranar Malam ya daina sammako. Ka ce masa, "Malam, ciyawa ta rufe maka shinkafa," sai ya gyara zama ya ce, "Wanda ya faɗi zaɓe ma an rantsar da shi, balle ni." Rabon nasa kuwa kullum a kwanon ƙanensa yake isowa.

Kusa da shi Alhaji Kada-Ka-Yarda-Da-Kowa. An taɓa cinye masa kuɗin albasa, har yau duniya ba ta gama biyan laifin ba. Ranar Talata a kasuwa za ka gan shi yana ɗaga takardar dubu yana haska ta da rana, ya tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu ko an ɓoye tsakuwa a ƙasa, ya sa a sake awo saboda bai yarda da gindin tiyar ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, a littafin bashin mai shayi shafinsa ya fi na kowa tsawo.

Sai Na-Hannun-Daman-Manya, wanda ya yi imani duniya wa-ka-sani ce. Ƙasar ma ta ɗaure masa gindi, don daga 1999 zuwa 2023 shekara 20 mulkin jihar yana yawo ne tsakanin Bakura ta Yarima da Mafara ta Abdul'aziz Yari da Maradun ta Matawalle. Duk gwamnonin ukun ya ce tare suka yi ƙuruciya. Ana sauya gwamnati yana sauya karin hula, amma har gobe ɗan kabu-kabu ke sauke shi, su tsaya jayayya a kan canji.

Akwai kuma wani yaro mai waya, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Kowane mako da sabuwar hikimar da ya tsinto a Facebook, data na ƙarewa ita ma ta ƙare.

Akwai dattijo guda da ba a yi wa dariya. Ruwa ya ci gonar gidansu da aka tare Gulbin Sakkwato aka gina madatsar Bakolori, aka gama a 1978. Da idonsa ya ga abin da ya faru a 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoma masu neman diyya. Karatunsa gajere ne: alƙawarin hukuma sai ka riƙe shi a hannu. Ko taki aka ce a zo a rubuta suna, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, in ga buhun tukuna." Ba ya jan zance, ba ya neman a yarda da shi. A cikinsu duka, maganarsa kaɗai nake ɗauka.